Ranar da Kwalekwale Ya Ƙi Ɗaukata

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Saratu, daga Illo. Waɗanda suka san ni a dā, na ga kuna leƙen bayana kuna neman sauran jikina. Ku daina nema, wannan ne ya rage!

Sana'ata sarin man shanu. Ina saye a hannun matan Fulani, in ɗora wa jaki, in kai kasuwannin ƙasar Dahomey. To, mai sayen mai sai ta ɗanɗana. In kuwa mata ashirin suka jera ƙorai, ba ki isa ki taɓa na wannan ki tsallake na waccan ba, sai ta ce kin raina shanun mijinta. Ni kuma ba na son ɓata wa kowa rai. Kun ga yatsan nan nawa? Shi ya yi aika-aikar. Da farko lakuta nake yi, daga baya na koma kwasa. In na dawo gida, malmalar tuwon shinkafa uku tana jirana, da man a kai.

Na yi ƙiba har wuyana ya ɓace, kuma daɗi nake ji! Masu saye suna dubana su ce lallai man matar nan na gaske ne. A majami'a aka bar mini benci guda, na ɗauka girmamawa ce, ashe tsoro ne. Gwiwoyina suna ciwo, numfashi yana gagarata, ina minshari ana tsakiyar wa'azi. Durƙusawa don addu'a kuwa na daina, don in na sauka sai zumuntar mata ta taru ta ɗaga ni.

Malamin asibitin mishan ya auna ni ya ce, "Mama, jininki ya hau, ciwon sukari kuma yana bakin ƙofa. Kitsen nan ne." Na ce hassada ce, don shi kamar sillen kara yake.

Ana cikin bikin samun 'yancin kai, saƙo ya zo cewa 'yata Rifkatu, ita kaɗai Allah ya ba ni, tana naƙuda a gidan mijinta a Bagudo. Kwana biyu abin ya ƙi, tana ta kiran sunana. Jakina ya kai ni bakin kogin Kwara yana nishi. Manyan jirage duk sun kwashi mutane zuwa biki, sai wani ƙaramin kwalekwale na wani mai fito, Manu. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Inna, jirgin ga ba shi ɗaukarki."

"Mi ka ce? Ɗiyata na can tana mutuwa!"

Ban jira amsarsa ba na sa ƙafa. Goshin jirgin ya tashi sama, kajin wata mata suka watse, Manu ya tsinci kansa cikin ruwa har wuya. Mutanen bakin kogi suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, ina kallon wancan ƙetaren, kuma na san ba zan kai ba.

Nan cikin laka na durƙusa, karo na farko a shekara uku. Na yi kuka na ce, "Ya Yesu, ba ruwa ya raba ni da ɗiyata ba, yatsana ne. Ka tsaya mata inda na kasa tsayawa. Ni kuma ka ba ni ikon rufe bakina." Maza huɗu suka ciro ni.

Rifkatu ta rayu, ta haifi namiji. Haleluya! Amma an gaya mini abin da ta fara tambaya da ta farfaɗo: "Inna ba ta zo ba?" Har yau in na tuna, zuciyata tana zafi.

Kada ku ɗauka na kwana na tashi siririya. Na koma wurin malamin nan na ba shi haƙuri. Ya ce malmala ɗaya, da rama da zogale da kifi, sai tafiya a ƙafa. Jaki ya koma ɗaukar mai kaɗai, na tabbata shi ma ya yi godiya. Da na kai kukana kan ɗanɗanon mai wurin wata tsohuwar Bafulatana, Inna Dija, sai ta yi dariya ta ce ita tun tana budurwa sunsunawa take yi, ta murza a bayan hannu, ta gane mai kyau. Ashe duk shekarun nan hanci ya isa!

Na sha faɗuwa, na sha komawa ga Ubangiji. Damina biyu aka yi ana fama.

Bana Rifkatu ta sake naƙuda. Na tarar da Manu a bakin kogi, bai gane ni ba. Ya ce, "Shiga, da ke da kayanki." A tsakiyar ruwa ya kama ba ni labarin wata mata mai ƙiba awa dorina da ta taɓa kifar da shi.

Na ce, "Ni ta."

Saura kaɗan ya sake faɗawa ruwa!

Na isa kan lokaci, 'yan'uwa. Na durƙusa gefen 'yata, ba wanda ya taimake ni, ta buɗe ido ta ce, "Inna, kin zo."

Godiya ta tabbata ga Allah. Duk wanda cikinsa ko yatsansa ya fi ƙarfinsa, ya ji maganar asibiti, ya dogara ga Yesu, kada ya jira sai an kira shi a wancan ƙetaren. Amin.