Teburin da Za a Manna da Bango

A rumfar kafinta, wani dattijo yana ta shafa dogon teburin cin abincin da ya kawo.

"Rage min shi, ɗana. Ɗakin da na koma ba zai ɗauke shi ba."

"To in mayar da shi zagayayye, Baba? Ba ya cin wuri, kuma kowa na kallon kowa."

"Wa zan kalla? Yara sun watse, uwarsu ta rasu bara."

"Allah ya jiƙanta. Ai za su riƙa leƙo ka."

"Haka suke cewa a waya. Kai dai yi min ƙarami mai kusurwa huɗu, in manna shi da bango. Gara in ci ina kallon bango da in riƙa kallon gurbinta."