Ranar da Alhaji Osman Ya Kashe Talabijin

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin da muke zaune a garinsa, muke fatan a binne mu kusa da shi.

Shugaban Hausawan Madina, Shehu Abubakar Siddiƙ. Limaminmu, Malam Nasrullahi. Dattawanmu na Ƙiblatain da Khalidiyya. Hajiya Safiyyatu, da ke saurarenmu daga ɗakin takaba tare da iyayenmu mata. Abdussamad da Hibatullah, 'ya'yan marigayi. 'Yan'uwa baki ɗaya, assalamu alaikum. Allah ya girmama ladanku.

Ni ne Khalilu, direban bas ɗin ziyara. An zaɓe ni in yi magana a madadinmu saboda shekara ashirin da shida ina zama a kan bencin shagon Alhaji Osman Bakri. Zan faɗa muku gaskiya, a tsorace nake, kuma ba don taron ya yi mini yawa ba.

Marigayi ya kasance tela. Da wuya a sami namiji a nan wanda bai taɓa sa farar rigar da ta fito daga kekensa ba. Ya kasance bakinmu a inda ba mu da baki. Tsohuwa ta ɓace daga ayarinta a ƙofar Harami, ba ta jin Larabci, shi ake kira. Sabon zuwa ya kwanta a mustashfa, wato asibiti, bai san yadda zai gaya wa likita inda ke masa ciwo ba, Alhaji zai rufe shago ya je. Da iƙamata, takardar izinin zamana, ta sami matsala a shekarata ta biyu, sau bakwai ya raka ni wurin kafil, uban gidan da ya tsaya mini, har aka gyara. Ya kasance mutumin Gadarif, amma ɗan Damagaram da ɗan Kano da ɗan Abeshe kowa gani yake ɗan garinsu ne.

Wannan duk kun sani. Akwai abin da ba ku sani ba, kuma Hajiya ta ba ni izini in faɗa.

Wata biyar da suka wuce, ranar wata Juma'a bayan La'asar, muna istiraha, gidan hutun da muke taruwa, mu kusan talatin. Wani ya haɗa wayarsa da talabijin ya ce ya samo mana fim na ban dariya. Fim ne na wata ƙasa mai nisa, da fassarar Larabci a ƙasa. Labarin mutum ne da aka haifa namiji, amma tun yana ƙarami yake cewa shi mace ne, ya koma wani gari yana zaman mace, yana aikin wanki da guga. Ban san ko in ce shi ko in ce ita ba. Da maƙwabta suka gane, suka jawo mutumin nan tsakar titi da rana tsaka, suka yayyaga masa tufafi, suka yi ta duka har ya daina motsi.

Wanda ya shirya fim ɗin so yake a yi kuka. Mu dariya muka yi. Wani ya tafa. Wani ya ce a mayar da wurin baya a sake gani. Ni ma na yi dariya, Allah ya yafe mini.

Ana cikin haka Ɗan'inna ya shigo da farantin shinkafa. Kun san Ɗan'inna, kukun nan ɗan Maraɗi, mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, wanda ba a yi biki ko suna a gidajenmu ba tare da tukunyarsa ba. Kun san muryarsa, kun san tafiyarsa. Sai wani ya ce, "Ga tauraruwar fim ɗin ta iso." Ɗakin ya ɗauka da dariya. Na ga miya tana zuba daga farantin a kan kafet, idonsa na kan talabijin.

Alhaji Osman ya miƙe, ya je ya zare wayar wuta daga bango. Ya karɓi farantin ya ajiye, ya kama hannun Ɗan'inna suka fita.

Na bi su waje. Na tarar da Alhaji ya jingina da motata, gumi ya jiƙa masa riga, haƙoransa na haɗuwa kamar mai zazzaɓi. Na ce, "Yaya Osman, fim ne fa. Wasa ne."

Ya ce, "Khalilu, ni na ga wannan ba a talabijin ba."

A cikin mota ya ba ni labari. Yana da ƙane a Gadarif, Mu'azzam. Tun yana yaro yake ɗaukar mayafin innarsu, da ya girma ya ce a riƙa kiransa Asama'u. Gida suka kore shi, kuma Alhaji ne da kansa ya jefa masa kayansa waje. Bayan shekara ɗaya, ranar kasuwa, mutane suka taru a kansa. Alhaji yana wurin, shekarunsa sha tara, yana tsaye a bayan buhunan dawa. Ya ce, "Ya gan ni. Ya kira ni, Yaya. Na juya baya don kada a san ɗan'uwana ne." Washegari shi ya wanke gawar, don ba wanda ya yarda ya taɓa ta.

Ya ce, "A can ma da dariya aka fara. Irin wadda kuka yi yau, ba bambanci. Ina jin tsoro, Khalilu."

Na ce masa nan Madina ce, yaranmu masu tarbiyya ne.

Daga ranar, kullum shi ke raka Ɗan'inna daga ɗakinsa zuwa gidan abincin da yake aiki, ya koma ya rako shi. Tsoho mai shekara sittin da takwas, da ciwon gwiwa. An yi masa ba'a. Malam Nasrullahi, kai shaida ne, ya zo ya same ka ya ce, "Ban zo tambayar hukunci ba, Malam, wannan fagenku ne. Tambaya ɗaya nake yi: jininsa ya halatta ga yaran unguwa?" Ka ce masa a'a, bai halatta ba, kuma ka maimaita a majalisinka. Allah ya saka maka. Amma ba kowa ya ji ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan fim ɗin, bayan Azahar, lokacin da zafi ya kore kowa daga titi, samari huɗu suka tare su a lungun bayan gidan abincin. Uku da bel da guntun bututun ƙarfe, na huɗun yana ɗauka da waya. Ba baƙi ba ne. 'Ya'yanmu ne, waɗanda aka haifa a nan. Suka kayar da Ɗan'inna. Alhaji ya kwanta a kansa, ya rufe shi da jikinsa.

Ɗayansu ya ce, "Ib'id ya ammi, matsa, ba ruwanka."

Alhaji ya amsa masa da Hausa. Ya ce, "Ni na ɗinka maka rigar Sallarka ta farko. In za ka buga, ka buga."

Ya buga. Haƙarƙari uku suka karye.

A mustashfa Alhaji ya ce daga matakala ya faɗo. Na ce, "Yaya, mu kai su shurɗa, 'yan sanda su hukunta su." Ya ce, "In na kai su, gida huɗu za a bi da bincike, wasu a tusa ƙeyarsu a fitar da su daga ƙasar. Iyayensu mata me suka yi?" Sai ya aika aka kira samarin ɗaya bayan ɗaya. Ban san abin da ya gaya musu ba, ina waje. Na dai ga biyu sun fito suna kuka, biyu sun fito ba su kalli kowa ba. Alhaji ya ce mini mai wayar ya goge hoton a gabansa. Daga kan gadon nan ya samo wa Ɗan'inna aiki a ɗakin girkin wani kamfani a garin Yanbu.

Alhaji bai sake hawa keken ɗinki ba. Numfashi ya riƙa yi masa wuya, har ranar Talata da Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce zuciya ce. Ba na ƙaryata likita, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa.

Hajiya Safiyyatu, kin yi jinyarsa wata biyar kina sanin abin da ya faru, kina gaisawa da iyayen yaran nan, ba ki taɓa buɗe baki ba. Ba mu da abin da za mu biya ki. Abdussamad, Hibatullah, na san kun fi jin Larabci, to ku riƙe wannan da kowane harshe kuka ga dama: babanku ba jarumi ba ne da bai san tsoro ba. Kullum da zai fita rakiyar nan sai na ga tsoro a fuskarsa wajen sa takalmi. Haka yake fita.

'Yan'uwa, ga abin da ya sa nake a tsorace. Jiya, muna zaune a nan muna karɓar gaisuwa, wayata ta yi ƙara. Hoton lungun nan ne, wanda aka ce an goge. Yana yawo a rukuninmu na waya, an jera masa fuskokin dariya a ƙasa. Ban san wanda ya fara turawa ba. Na san dai lambobin da ke cikin rukunin nan, kuma yawancin masu su suna cikin wannan tsakar gida.

Ɗan'inna ya zo daga Yanbu da ya ji rasuwar. Shinkafar da za a kawo muku yanzu shi ya dafa, ya ƙi karɓar ko sisi. Yana can madafa tun safe, bai yarda ya leƙo ba. Gobe bayan Azahar zai tafi tasha. Ni zan raka shi, a ƙafa, ta babban titi. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Abdussamad ya ce zai zo. Wanda ya ga zai iya, ya same mu a ƙofar gidan nan.

Muna godiya ga duk wanda ya yi masa salla a Harami, da waɗanda suka ɗauke shi zuwa Baƙi'a, da matan da suka tsaya wa Hajiya.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Osman, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da maƙwabcinmu, tsira da amincinka su tabbata a gare shi. Ka ji ƙan ɗan'uwansa da aka binne a Gadarif, kai ne ka fi kowa sanin bayinka. Ka shiryi 'ya'yanmu, ka kame hannayensu daga jinin mutane. Mu da muka yi dariya, ka yafe mana. Ka kai Ɗan'inna Yanbu lafiya. Amin.