Jar Ƙwayar da Na Riƙe a Ka

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wanga taro, mai girma hakimi da dagatai, limamanmu da malamanmu, ma'aikatan asibiti da sunka taso tun daga Bukkuyum da Gummi, dattawan Zugu, iyayenmu mata da ke can cikin rumfa, jama'a manya da ƙanana, ina gaishe ku da gaisuwar Musulunci.

Na gode wa kwamitin lafiya da ya ba ni wurin tsayawa. Na san abin da anka kira ni in yi. Duk taron da za a yi garin nan, Dalhatu ake tayarwa ya jero sunayen dagatai tun daga na fari, ya faɗi wanda ya haƙa kowace rijiya, a tafa mishi, ya zauna. Yau ku yi mini haƙuri. Tarihin da zan bayar nawa ne, kuma ba mai daɗin ji ba ne.

Damina ta shida ke nan tun shekarar da gubar dalma ta kwashe yaran Dareta. Da ita nake lissafi, domin ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. To, bara ana girbin gero, da hantsi, iyalina Saude tana daka, sai ta saki taɓarya ta dafe ƙirji, zufa na zubo mata. Munka ɗora ta kan babur zuwa Gummi, daga can mota ta kai mu babban asibiti a Sakkwato. Likita ya ce gudan jini ne ya toshe jijiyar zuciyarta. Anka yi mata allurar da ke narka shi, Allah Ya tashi kafaɗunta.

Abu na farko da nake so ku ji shi ne abin da likitan ya faɗa mini ranar sallama. Ya jera ƙwayoyi iri huɗu a gabana. Biyu na hana jini daskarewa, ɗaya na rage kitse a jijiya, ɗaya na sassauta wa zuciya aiki. Ya ce, "Baba, allurar nan yashe rijiya ta yi. Waɗannan su ne ɗaurin bakinta. In an bar su, tana iya sake ruftawa." Ya miƙo mini takarda. Na ce ya ba ɗiyata Larai, ita ce ta yi makaranta. Ni da ke riƙe da iyakar gonakin Zugu duka a ka, ƙwaya huɗu za a rubuta mini? Na dube su, na haddace su da launi: fari biyu, rawaya ɗaya, da wata 'yar ja.

Abu na biyu shi ne laifina. Da maganin ya ƙare, Larai ta tafi kemis da takardar, ta dawo, babu ja a ciki. Wata fara anka ba ta a madadinta. Ta ce sunan da ke jikin kwalin ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Na ce an cuce ta. Na ce mun ga ƙura mai kama da ƙurar kowa ta kashe yara a ƙasar nan, ba zan sa abin da ban sani ba a bakin matata. Ta nuna mini rubutun da yatsa, na ture hannunta, na ce tun ba a haifi innarta ba nake tuna abu daidai. Na ƙara da cewa ai allura ce magani, waɗannan 'yan rakiya ne, rashin ɗaya ba ya hana tafiya. Na ɗauki kwalin na soke shi a rufin ɗaki. Larai ta koma gidan mijinta tana kuka, ni ko ina ganin na yi tsaron gida.

Sati uku da sunka wuce ciwon ya dawo, kuma ya fi na fari. Likita bai ce ni na ja mata ba. Ya ce Allah kaɗai Ya san wannan, amma ƙwayar da na hana ta, aikinta ke nan tsare irin abin da ya faru. Sai ya ɗauko kwali biyu, ja da fari, ya ajiye su kusa da juna, ya ce in dubi zanen sunan ko da ban iya karanta shi ba. Na duba. Iri ɗaya ne, jama'a, kamar sawun ƙafa ɗaya.

Saude ga ta can cikin rumfa. Ta rayu, amma ba ta iya ɗaga taɓarya, tafiya daga ɗaki zuwa bakin zaure sai ta huta sau biyu. Na tambaye ta me ya sa ba ta yi mini musu ba. Ta ce, "Malam, shekara arba'in ban taɓa jin ka manta abu ba." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ban manta ba kuwa. Ƙwayar ja ce, har gobe ja ce a kaina. Na riƙe abin da idona ya gani, na yar da abin da likita ya ce.

Abu na uku shi ne ya tsayar da ni gabanku. Ina da aboki a Sunke, Shitu, tare munka yi tashe. Irin ciwon nan ya same shi, irin ƙwayoyin nan yake sha. Munka haɗu a kasuwar Anka da bazara, ya yi mini kukan tashi ƙwayar ma ta sauya launi. Na ce ya jefar da ita. Ya ce tun da ni na faɗa, an gama. Har yanzu da nake magana ba ya shan ta. Sati uku ina sane, sati uku ina cewa hanya ba ta da kyau, ɓarayi sun tare daji. Hanyar ba ta da kyau, gaskiya ne, amma ba ita ta riƙe ni ba. Kunyar in tsaya gaban Shitu in ce Dalhatu ya yi kuskure ita ce ta riƙe ni. Na aika mishi saƙo, ya mayar da ɗan aike, wai wannan ba maganar Dalhatu ba ce. Shi ya sa na faɗa a nan, inda ba ni da sauran wurin ɓuya.

Ina roƙonku, duk wanda anka ƙara wa magani kan magani, ya sha su duka yadda anka ce. In launi ya sauya, in wani abu ya dame shi, ya kai wa malaman asibitin nan. Kada ya kawo mini. Ku tambaye ni rijiya, ku tambaye ni gona.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan yaranmu da sunka riga mu, Ya tsare hanyoyinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ku sa Shitu a addu'a, Allah Ya sa in iske shi a zaune.

Gobe in an sallame sallar asuba zan zaro kwalin nan daga rufin ɗaki, in hau babur zuwa Sunke. Larai za ta bi ni da takardar, ita za ta karanta, ni in yi shiru. Na gode.