A Dakata da Wankan Jegon Zuliha

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, mai girma dagaci, malamanmu, ma'aikatan lafiya, da ku matan Fagam da kuka baro surfe da daka kuka zo. Sunana Malam Iliyasu, tsohon malamin firamare. Na gode da aka bar ni in yi magana a zaune, ƙafafun sun gaji da ni.

Na farko, zan tuna da matata Dada, Allah ya jiƙanta. Tun muna cikin jihar Kano, babu mai jego a unguwarmu da ba ta bi ta hannunta ba. Da sassafe ƙamshin ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ke tashe ni, in jiyo ta tana tsokanar mai jego: "Tsaya nan, raguwa! Da za ki ɗauki cikin kin yi shawara da ni?" A yi ta dariya. Yau gidan shiru, sai tarina.

Na biyu, jikata Zuliha, wadda da bakinta ta ce in faɗa. Tana ɗauke da cutar ƙanjamau, tana kuma shan maganinta. A haihuwar fari da kanta ta haihu, aka yi mata wanka, ta miƙe lafiya. A ta biyu yaron ya zo a gicciye, aka yi mata aiki a Birnin Kudu. Da ta dawo, kuka ɗora tukunya yadda Dada ta koya muku, kuka yi ta dukan cikin da ganye mai zafi. Ɗinkin ya buɗe, ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ta, aka mai da ita asibiti. Malamar jinya ta ce mini: "Baba, mai wannan cuta ta fi saurin kamuwa da ciwon ɗinki. Ruwan zafi ya jira."

Ba na zargin kowa. Ƙauna ce ta sa ku, ƙauna ce ta koya muku.

Na uku, gobe za a sallamo ta, kuma na ji har an tara itacen wanka. Don Allah ku dafa mata kunu da shi. Ku bar ɗinkin ya bushe. In jikinta ya yi zafi, a sa ta a mota, kada a jira. Ita kaɗai ke leƙo ni ta ce, "Tsoho, ka ci tuwo ko in sake miji?" Ba ni da wata.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya jariranmu, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.