Tokar Buntu Ta Raba Ni da Sana'ata

Assalamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, Allah ya ƙara wa muryarka lafiya. Ni ne Salifu magini, daga zangon Yendi.

Shekarar da siminti ya yi wuya, wani malamin gini a Bolgatanga ya koya mini dabara. A ƙona buntun shinkafa har ya yi fari, a daka, a tankaɗe, sai a zuba kwano ɗaya na tokar cikin kwano huɗu na siminti. Da wani Alhaji mai hatsi a Bawku ya kira ni gina sito, na bayyana masa komai. Ya ce, "Salifu, yi yadda ka sani."

Muna cikin aiki ƙanensa ya tarar da ni ina tankaɗe, ya ɗaga murya wai ina satar siminti ina cikewa da shara. Jama'a suka taru. Na ce, "Alhaji, faɗa musu gaskiya." Ya sunkuyar da kai ya ce bai san zancen ba.

Labari ya riga ni isa Yendi. Yau damina uku ke nan ba wanda ya ba ni ko katanga, dakon doya nake yi a Bimbilla. Siton kuwa ko tsaga bai yi ba, kuma na ji ƙanen nan yanzu shi ke kwasar buntu yana gini.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in kai ƙara gaban Sarkin Zango, ko in bar su da Allah? Ina gaida Inusa kafinta na Salaga, wanda shi kaɗai bai taɓa kirana ɓarawo ba.