Fim Ɗin Da Bai Ga Tsagar Ba

Mai girma shugaban taro, shugabar wannan cibiya da malamanta, dattawanmu masu walda da ke zaune a sahun gaba, iyaye da 'yan'uwa, ɗalibanmu da ake yaye wa a yau, assalamu alaikum.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina kuma godiya ga cibiyar da ta tuna da tsohuwar ɗalibarta. An ce in yi magana a kan yadda ake zaɓen fim da tushen haske idan za a ɗauki hoton walda. Tambayar da ta hana ni sakat shekara ashirin ke nan ita ce: me ya sa fim biyu za su kalli ƙarfe ɗaya, ɗaya ya ga aibi, ɗayan ya rantse bai ga komai ba?

Na farko, haske. Ku tambayi kaurin ƙarfen kafin ku tambayi agogo. Ƙarfe marar kauri injin eksire yake so, domin ana iya rage masa ƙarfi har ƙaramin aibi ya fito. Idan kauri ya ƙaru, ko aiki ya kai ku inda babu lantarki, sai a ɗauko iridiyam, ƙwayar nan mai fitar da haske mai ratsa ƙarfe, da ke cikin akwatinta mai nauyi. Idan ƙarfen ya yi kaurin bango, sai kobalt, ƙwayar da ta fi ta ƙarfi. Amma ku tuna, inji ana kashe shi, ƙwaya kuwa ba ta da makunni.

Na biyu, fim. Akwai mai sauri, akwai mai laushin ƙwaya. Mai sauri zai sallame ku da wuri, amma ganinsa dishi-dishi ne. Mai laushi zai tsayar da ku a rana, amma ko tsaga ta kai sirantar gashi sai ya nuna ta.

Na uku ba a aji na koye shi ba. A shekarata ta farko aka tura ni wata masana'anta in duba bututun tururi, siriri ne, kuma a ƙarƙashinsa mata goma sha biyu suke tsayawa suna aiki. Injin eksire yana can ƙasa, bututun kuma yana hawa na uku, ga injin da nauyi. Iridiyam kuwa yana kusa. Na haɗa shi da fim mai sauri, na ɗauka, na wanke, na ɗora a kan fitila. Fes! Siraran wayoyin gwajin da muke liƙawa a kan ƙarfe don mu auna ganin fim ba su fito duka ba, amma na ce ai saura kaɗan ne.

Ina shirin sa hannu sai ga wanda ya yi waldar, wani dattijo da ake kira Baba Sannu-sannu, ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "'Yata, hoton nan naki ya ga gwiwar bututun kuwa?"

Na ce, "Ya gani, Baba. Aikinka ya yi kyau."

Ya ce, "A'a. Da na zo wurin, tari ya sarƙe ni, hannuna ya motsa. Na rufe, amma raina bai kwanta ba. Ko injinki ne ke jin kunyar tsoho?"

Jama'a, kun taɓa ganin wanda aka wanke, ya dawo yana roƙon a sake bincikarsa? Abin ya ɗaure mini kai. Na ce a sake. Mutum huɗu suka hau da injin eksiren, Baba na cikinsu. Na sa fim mai laushi, muka ja baya, muka jira. Da na ɗora shi a kan fitila, wayoyin gwaji suka fito reras, ga kuma wani baƙin layi na tsaga, tsawonsa bai kai farce ba, kwance a daidai gwiwar. Na tuna matan nan, na tuna saura ƙiris in sa hannu.

Shi kuwa Baba sai ya matso, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Shekara talatin yana walda, bai taɓa ganin cikin aikinsa ba. Ya ce, "Ikon Allah! Ashe haka tarin nawa yake ta ciki. To wancan farin fa, mene ne?" Sai da na bi fim ɗin da shi kaf, yana tambaya ina amsawa, sannan ya ɗauki kayansa ya fasa gwiwar ya sake ta.

Saboda haka, ƙannena, idan fim ya ce muku babu komai, ku tambaye shi: da ma kana iya gani? Ku ƙirga wayoyinku. Ku saurari mai walda, domin yana wurin lokacin da ƙarfen yake narke, ku ba kwa nan.

Allah ya tsare jikinku daga hasken da kuke aiki da shi. Allah ya ba ku ido mai gani da zuciyar da ba ta gajiya da tambaya. Allah ya saka wa iyaye da malamai da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.