Baba a Ƙofar Ofis

Yaya: Salamu alaikum. Auta?

Auta: Wa alaikumus salam, Yaya! Ina wuni?

Yaya: Lafiya lau. Ya aiki?

Auta: Da godiya. Ya yara? Ya maigidan?

Yaya: Duk lafiya. Wace ƙara ce wannan?

Auta: Na'am? Ba na jin ki sosai.

Yaya: Na ce ƙarar mece ce a bayanka?

Auta: Au, gyara ake mana a ofis. Ya idon Baba? Yau ne ganin likitan ko?

Yaya: Mun fito. An ce da sauƙi. Kana ofis ɗin ke nan?

Auta: E mana, aiki ya yi min yawa ma.

Yaya: To sauko, ga mu a bakin ƙofa.

Auta: Wace ƙofa?

Yaya: Ta ofishinku. Baba ya ce tunda idon ya buɗe, yau sai ya ga teburin autansa. Hello? Kana ji na?

Auta: Yaya, don Allah ki ce masa ina cikin taro.

Yaya: Taron me? Maigadi ya riga ya faɗa mana, wata bakwai ke nan da ka ajiye aiki.

Auta: Innalillahi! A gaban Baba ya faɗa?

Yaya: A gabansa, da mutane tsaitsaye. Kana ina?

Auta: Ina shago. Aikin kafinta nake, Yaya. Zarto ne kike ji.

Yaya: Kafinta! Kai da aka yi ta yawo da takardun makarantarka gida-gida?

Auta: Shekara uku ina zaune a teburin nan kamar an ɗaure ni. Kullum da ciwon kai nake tashi. Nan kuwa in na gama kujera sai in tsaya ina kallonta. Wallahi na iya, har layi ake min.

Yaya: To me ya hana ka faɗa?

Auta: Ke ba ki ga yadda yake cewa "ɗana na ofis" ba? Sau uku ina zuwa da maganar a bakina, sai in haɗiye. Me ya ce wa maigadin?

Yaya: Cewa ya yi, "Af, haka ne fa, ya gaya min. Tsufa ne, na manta." Har da dariya.

Auta: Baba ne ya yi ƙarya?

Yaya: Saboda kai. Mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Daga nan ya shiga mota ya zauna.

Auta: Wayyo Allah. Da marina ya yi ya fi min sauƙi. Da wane ido zan kalle shi?

Yaya: Tsaya, yana magana. Na'am, Baba? To. Ya ce ina shagon yake?

Auta: Yanzu? Ki ba ni rabin awa. Duk jikina ƙurar katako ce, rigar ma a yage take. Kwat ɗina na rataye a nan, bari in wanke fuska in saka...

Yaya: Katina ya kusa ƙarewa, yi sauri. Na'am, Baba? Ya ji ka. Ya ce ya gaji da ganin kwat, kar ka canza komai.

Auta: To. Ku bi bayan tashar mota, shago na huɗu, mai koriyar ƙofa. Ki ce masa ni ne a tsaye a waje, kar ya wuce ni bai ga...

Yaya: Auta? Hello?